Ki Tambayi Yayanki Wa Zai Yi Jifa

Tun da nake ban taɓa jin Baba ya kira sunan Yaya ba. Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma a inda Baba ya taso, a cikin birnin Kano a hannun kakarsa Bafulatana, mutum ba ya ambaton sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya bari a ga ya damu da shi. Kunya ce. Baba ya ɗauko ta ya kawo ta Birmingham, ya hau da ita hawa na tara a wani dogon bene a Ladywood, ya ajiye ta shekara da shekaru ko ƙwarzane ba ta yi ba. Injiniya ne, da Turawa ya yi aiki har ya yi ritaya, yana karanta jaridarsu daga farko har shafin ƙarshe, amma in zai yi zancen ɗansa sai ya ce "wancan", ko "mutumin Amurka", in kuma da ni yake magana ya ce "yayanki". Ni ce ta biyu kuma ni ce auta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini, yana jan kumatuna har bayan na yi aure. Duk shagwaɓar da ya kamata a raba biyu ni kaɗai na cinye, ban kuma ga aibin hakan ba sai da na girma.

Mama ta yar da tata kunyar tun a ɗakin haihuwa. Ta ce a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, in ta ƙi ɗaukar ɗanta wa zai ɗaukar mata? Da Yaya ya gama karatu ya sami aiki a wani gari a gabashin Amurka, ita ce ta zama gadar da ke tsakaninsu. Kowace Lahadi yana kiranta. Baba zai zauna a kujerarsa ya ɓoye fuska a bayan jarida, ita kuma ta riƙa maimaita duk abin da Yaya ya faɗa da ƙarfi kamar mai magana da kurma. "Au, an ƙara maka matsayi? Au, murar ta sake ka?" Jaridar nan ba a juya shafinta sai an kashe waya.

A watan Janairu Mama ta rasu. Yaya ya zo, suka yi kwana uku a falo ɗaya suna karɓar gaisuwa, kafaɗa kusa da kafaɗa, ban ga idonsu ya haɗu ko sau ɗaya ba. Ya koma. Daga nan sai shiru. Baba ba zai kira ɗansa na fari ba ko sama za ta faɗo. Yaya kuma bai san yadda ake kiran Baba ba, don bai taɓa yi ba: in ya kira ya gaishe shi, Baba ya ce lafiya lau, sai me? Ya gwada sau biyu, duka biyun ba su kai minti ɗaya ba. Abin da nake tsoro ke nan, kuma tsoro nake ji na gaske, kada su biyun su ƙare rayuwarsu a haka, kowa yana son kowa, babu mai iya ɗaga waya.

Shekarun nan ne da gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu, kusan kowane wata sai ka ji an rufe wani abu. Ina aiki a wani ɗan ƙaramin laburare kusa da gidanmu a Levenshulme, a Manchester, aka ce daga yanzu ba za a riƙa buɗe shi ranar Litinin ba. A Birmingham kuma ɗakin da tsofaffin unguwar su Baba suke taruwa su sha shayi su yi musu aka sa masa kwaɗo. Sai ya zama ni ina da Litinin da ban san yadda zan yi da ita ba, shi kuma yana da mako guda cur da bai san yadda zai yi da shi ba. Na fara hawa jirgin ƙasa kowace Lahadi da safe da kular miyar kuka a jaka, in bar wa maigidana yara, in kwana a Ladywood in dawo washegari. Wannan ne kaɗai alherin da tsuke aljihun nan ya yi mini, ban kuma rubuta wa kowa takardar godiya ba.

Wata Lahadi a ƙarshen Maris muna duba wayar Mama kafin a rufe layinta, sai ga hoton Yaya. Yana zaune a wani ƙaton filin wasa, da hular hana-sallah mai tambarin ƙungiya a kansa, yana dariya har da haƙoran ciki. Baba ya daɗe yana kallon hoton ta ƙasan tabarau.

"Wannan wane wuri ne?"

"Filin besbol ne, Baba. Ƙungiyar garinsu ce, ina jin."

"Hm," in ji shi, ya miƙo mini wayar.

Bayan mako biyu ya kira maigidana, wanda ba ya kira sai da Sallah, ya ce ya zo ya haɗa masa kwamfuta da talabijin, akwai wani wasa da yake so ya gani. Maigidana mutumin ƙwallon ƙafa ne, irin waɗanda in ƙungiyarsu ta sha kashi ba sa cin abincin dare. Ya dawo gida yana girgiza kai, ya ce surukinsa ya zauna a Ingila duk shekarun nan bai taɓa kallon ƙwallo ba, yanzu da tsufa ya tsallake teku ya ɗauko wasan da ko masu yinsa hamma suke yi.

Na kira Yaya na ce masa Baba ya fara kallon ƙungiyarsu. Ya ce wasan ranar Lahadi da rana ake yinsa a can, zai zo daidai ƙarfe shida na yamma a wurinmu, in ina gidan zai kira.

Ga wanda bai san wasan ba, kuma bai yi asarar komai ba, ga yadda yake. Mutum ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo, wani ya tsaya da kulki yana ƙoƙarin makarta. In ya maka sai ya ruga, ya bi tasha uku ya dawo inda ya tashi, a rubuta wa ƙungiyarsa ɗaya. In ya kuskure sau uku ya koma benci. In ya aika ƙwallon bayan katanga, shi da duk wanda ke kan tasha su dawo a tsanake. Ana yin haka bi da bi har zagaye tara. Sauran lokacin kuma 'yan wasa suna tauna cingam suna tofar da yawu. Baba ya kalli zagaye biyu ya ce langa ce ta masu kuɗi.

Ƙarfe shida wayata ta yi ƙara. Na buɗe murya na jingine ta da gwangwanin sukari a kan tebur. Baba bai kalle ta ba, talabijin yake kallo.

"Uwata, ki tambayi yayanki wa zai yi jifa yau."

Wayar tana nan taku ɗaya daga gwiwarsa, tana jinsa sarai. Na sunkuya na ce, "Yaya, Baba ya ce wa zai yi jifa yau?"

"Ki ce wa Baba dogon nan ne. An ce kafaɗarsa ta warke."

"Baba, wai Dogo ne."

"Na ji ai, ba kurma ba ne ni."

Haka muka yi awa uku. Awa uku, mutanen da ba su taɓa haɗa minti biyar ba. Na dawo Manchester muryata a dishe, maigidana ya tambaye ni ko waƙa na je yi.

Kafin watan Mayu ya ƙare Baba ya raɗa wa kowane ɗan wasa suna, ya kuma yanke wa kowa hukunci. Akwai Dogo, wanda yake fara jifa, Baba ya ce yana da hannu amma ba shi da zuciya, da an maka masa biyu sai ya fara kallon benci kamar yaron da ke neman uwarsa a kasuwa. Akwai Mai Tumbi, mai tsaron tasha ta farko, wanda in ya maki ƙwallo sai ta bar gari, in kuma ya ruga sai ka tausaya wa ƙasa. Akwai wani siriri da ya ƙware wajen sulalewa daga tasha zuwa tasha in mai jifa ya yi sakaci. Da Yaya ya bayyana cewa sata ake kiran wannan, kuma halal ce a wasan, har lissafa wa mutum ake yi a yaba masa, Baba ya tuɓe tabarau ya ce yanzu ya fahimci ƙasar gaba ɗayanta. Mutum ɗaya yake girmamawa ba tare da sharaɗi ba, mai tsugunno a bayan mai kulki yana cafe ƙwallo, don shi kaɗai ne a filin yake cin guminsa. Koci kuwa, Baba ya ce ko akuya ba zai ba shi kiwo ba.

Har abokinsa ya jawo ciki, wani tsohon likita ɗan Zariya da suke sallar Juma'a tare. Likita ya zo sau biyu, bai fahimci komai ba, amma ya duba yadda Dogo yake murza gwiwar hannu ya ce wannan jijiyar ba za ta kai Agusta ba, shi da likitansa ne da tuni ya rubuta masa hutu. Dogo ya yi jifa har ƙarshen kaka lafiyarsa ƙalau. Likita bai sake zuwa ba.

Rigimar gaske a kan Bahago ta tashi. Shi ne mai rufe wasa, wanda ake kira a zagaye na tara in ƙungiya tana gaba da kaɗan, ya zo ya kashe mutum uku, wato ya mayar da su benci, a tashi. Tsoho ne a ma'aunin wasan, gemunsa ya fara furfura, jifansa ya rage gudu, sai dabara. A watan Yuni ya zubar da wasa biyu a jere. Akwai kuma wani sabon yaro da aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiya, mai jifa kamar harsashi, amma shi kansa bai san inda ƙwallon za ta nufa ba.

"Ki ce wa Baba Bahago ya gama," in ji Yaya. "He's done. A ba sabon nan ninth, zagaye na taran kawai."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai na ji Baba ya riga ni. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci gwangwanin sukari.

"Kai, wane irin zance ne wannan? Mutum ya yi muku shekara goma yana rufe wasa, don ya yi tuntuɓe sau biyu sai a yar da shi? Yaron naka da ya kusa fasa wa alƙali kai makon jiya?"

"Baba, ai speed ɗin ne ba shi da shi yanzu. Kowa ya gane shi."

"Gudu! Ku dai gudu. In gudu ne ai mahaukaci ma yana da shi."

Na koma na jingina da kujera na yi tsit, ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba kada su tuna ina wurin. "Kai" ya ce masa. A gabana, baki da baki. Suka yi ta yi har wasan ya ƙare, Baba yana buga hannun kujera, Yaya yana kawo hujja da Turanci in Hausa ta ƙare masa. Da alƙali ya tashi wasa sai Baba ya gyara zama, ya mayar da tabarau, ya ce, "Uwata, ki gaishe shi." Na gaishe shi. Na kashe waya.

Haka tsarin ya zauna. In ana wasa, uba da ɗa ne masu musu kamar 'yan teburin mai shayi. Da an tashi, sai a koma ta hannuna. Lafiyar Yaya, aikinsa, ko yana cin abinci, ko akwai wata da yake nema, duk babu mai taɓa su. Amma Baba ya san muryar ɗansa in ya gaji, ya san ta in yana da mura, kuma na lura ran Litinin da safe yana cin karin kumallo da yawa.

A watan Agusta na tafka wautata. Na daɗe a ƙasar nan, na karanta ƙananan takardun da ake ajiyewa a ɗakin jiran likita masu cewa a riƙa faɗin abin da ke zuciya. Wata Litinin ina share ɗakin Baba na tsinci wani littafin rubutu a ƙarƙashin matashi. Dokokin besbol ne tun daga farko, da kyakkyawan rubutunsa na injiniya, da zanen fili da ma'auni, da jerin kalmomi da fassararsu, kamar ɗalibin da zai shiga jarrabawa. Na fito da shi falo ina murmushi na ce ashe wasan ya shiga ransa haka.

"Wasan banza ne," in ji Baba. "Awa uku ƙarti suna tofar da yawu. Ban taɓa ganin ɓata lokaci irinsa ba."

"To me ya sa kake kallo?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake sa gishiri a miya. Da ina da hankali da na tsaya a nan. Sai na ce, "Baba, ai ba sai da wasa ba. Just call him. Ka kira shi ka ce kana kewarsa, shi ke nan."

Fuskarsa ta rufe. Ya karɓi littafin daga hannuna a hankali ya ɗora a cinyarsa.

"Ni ubansa ne, ba abokinsa ba. Wanda ya haife ni bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Ku ne kuke buƙatar a rubuta muku a kati."

Ranar bai raka ni bakin lif ba. Na yi kuka a jirgi tun daga Birmingham har muka wuce rabin hanya, wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini alawa.

Da na isa gida na kira Yaya don in huce a kansa. Na ce shi ne ya jawo mana wannan masifar da son wasansa. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

"Wane son wasa? Sau ɗaya na taɓa shiga filin nan. Office ne suka kai mu, hular ma kyauta aka raba. A zagaye na biyar barci na yi."

"To duk wannan musun fa? Speed da su waye da su waye?"

"Ran da kika ce Baba yana kallo, a daren na fara karantawa. Kowace Asabar sai na yi revision kamar mai exam. Kada ki gaya masa, don Allah."

Na zauna a matakalar gidanmu da waya a hannu, motocin Stockport Road suna wucewa a can bakin layi. Mutum biyu, ɗaya a Ladywood ɗaya a bayan teku, kowanne yana haddace wasan da ya tsana don yana zaton ɗayan yana sonsa. Na rasa dariya zan yi ko zagi. Ban gaya wa Baba ba, ban kuma gaya wa Yaya zancen littafin ba. Wannan karon na iya bakina.

Abin haushin shi ne, a duk gidan mutum ɗaya ne wasan ya kama da gaske, kuma ni ce. Ban san ranar da abin ya faru ba. Na dai tsinci kaina a wurin aiki ina leƙa sakamakon daren jiya a kwamfutar da aka ajiye don masu neman aiki. Na san wanda ke ciwon cinya, na san wanda matarsa ta haihu. Na yi wa wata abokiyar aikina bayanin dalilin da ya sa bai kamata a bar Dogo ya wuce zagaye na shida ba, ta saurare ni da irin fuskar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, wanda kuma gaskiya ne. A zancen rufe wasa ina bayan Yaya, Bahago ya gama, amma ban taɓa faɗa a Ladywood ba.

Da Satumba ta shigo sai lissafi ya canza. Kakar wasa tana ƙarewa a ƙarshen watan. Ƙungiyoyin da suka yi fice su ne suke wucewa wasannin fidda gwani, su ƙara mako uku ko huɗu a Oktoba. Sauran kowa ya tafi gida sai Afrilu. Ƙungiyarmu tana bakin layi, yau ta shiga gobe ta fita. Baba ya zana jadawali a takarda mai gidaje-gidaje ya manne a jikin firji, yana cike shi kowace safiya da jan biro da baƙi. In ka gan shi sai ka rantse gada zai gina. Yana cewa in Mai Tumbi ya rage cin abinci, in koci ya bar taurin kai, in Dogo ya tuna shi namiji ne, za a shiga playoffs ɗin nan na fidda gwani. Ni kuwa na san abin da yake ƙirgawa. Lahadi yake ƙirgawa. In suka shiga, ya sami uku ko huɗu. In ba su shiga ba, wata shida na sanyi da duhun ƙarfe huɗu, a hawa na tara, a shekararsa ta farko babu Mama, kuma babu dalilin da zai sa waya ta yi ƙara.

Rana ma ta fara gajarta. A tsakiyar bazara sai a gama wasa kafin magariba. Yanzu tana faɗowa a zagaye na uku. Baba zai shimfiɗa darduma a gefen talabijin ya ce in rage murya, kuma kada in kuskura in yi wani motsi da zai gane abin da ya faru. Yaya kuma ya yi shiru a waya har a sallame, ina jin numfashinsa.

Aka zo Lahadin ƙarshe. In sun ci sun shiga, in an ci su shi ke nan. A gidan abokan hamayya ake wasan. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ce wai sauran duk suna wanki. Dogo ya yi jifan da bai taɓa yi ba, Baba ya ce dama ya san yaron yana da zuciya. Mai Tumbi ya aika ɗaya bayan katanga, Baba ya ce ƙiba ai ba laifi ba ce. Aka shiga zagaye na tara muna gaba da ɗaya. Mutum uku suka rage a kashe.

Koci ya kira sabon yaro.

"Yauwa!" in ji Yaya.

"Za ka gani," in ji Baba.

Yaron ya yi ta jifa a karkace har mutum biyu suka hau tasha kyauta ba su ko ɗaga kulki ba. Koci ya fito yana tafiya kamar mai ciwon baya, ya ɗaga hannun hagu. Bahago ya taho daga can ƙarshen fili. Baba ya miƙe tsaye, abin da gwiwarsa ba ta cika yarda da shi ba.

"Yanzu za ka ga aikin manya."

Na farko ya kuskure sau uku ya koma benci. Na biyu ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe. Baba yana cewa, "Ka gani? Ka gani ko?" Yaya yana cewa, "Na gani, Baba, na gani, saura ɗaya." Na uku ya kuskure sau biyu. Saura jifa ɗaya tak. Na cusa gefen mayafina a baki. Bahago ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallon, a hankali, a tsakiya, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Ƙarar kulkin kaɗai ta isa a san ƙwallon ta tafi bayan katanga, an ci mu. Bahago ko juyawa bai yi ya bi ta da kallo ba.

Ni ce na yi ihu. Na zagi Bahago, na zagi koci, na zagi yaron da ya tara masa mutane, da irin Turancin da ake ji a bas ɗin Manchester ran Asabar, wanda ban san na iya ba. Hawaye har haɓa. Da na dawo hayyacina na ga Baba yana kallona baki buɗe. Babu wanda ya ce ai na faɗa. Yaron Yaya ne ya haƙa ramin, Bahagon Baba ya faɗa ciki, ba wanda ya rage da bakin magana.

Baba ya zauna. A talabijin waɗancan suna ta tsalle a kan juna, namu suna kwashe jakunkuna. Mai sharhi ya yi godiya ya ce sai baɗi. Na jira abin da aka saba, a ce in gaishe shi in kashe. Baba bai ce ba. Yaya ya yi gyaran murya sau biyu bai sami abin faɗa ba, don duk abin da ya karanta ranar Asabar ya ƙare. Na ga shirun yana tsawo, na miƙa hannu zan ɗauki wayar in raba su da wahala.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Uwata, ki tambayi yayanki yaushe za su dawo."

"Yaya, Baba ya ce..."

"Afrilu," in ji Yaya a hankali.

Baba ya jinjina kai. Ya san amsar, tana rubuce a littafinsa. Ya kalli talabijin, ya kalli darduma, ya kalli hannunsa a kan nawa kamar na wani ne.

"Ki ce masa," ya fara, sai ya tsaya. "Ki ce masa ni ranar Lahadi ba na zuwa ko'ina. Ko da wasa ko babu."

Ban sami damar buɗe baki ba.

"Na ji, Baba," in ji Yaya. "Ƙarfe shida."

Baba ya kawar da kai ya kalli taga, ya sha mur.

"Wa ya tambaye shi? Da ke nake magana."

Amma bai ɗauke hannunsa ba, ni kuma ban kashe wayar ba.